Avalon, Lexus ES, Impala, Chrysler 300 ko Azera: wacce babbar mota ce ta fi daɗin zama, kuma wacce za ka iya riƙewa a Accra?

Wata biyu kenan ina yawon garaj-garaj saboda Kawu. Ƙanin mahaifiyata ne, shagonsa yana Nima amma rabin iyalinsa suna Aboabo a Kumasi, kuma da wuya wata ya wuce bai hau hanyar Kumasi sau biyu ko uku ba, in ba awure ba suna, in ba suna ba addu'a. Mutum ne mai jiki masha Allah, ga gwiwa ta fara ciwo, ƙaramar motar da yake hawa shekara da shekaru yanzun in ya sauka a Nkawkaw zai yi sallah sai ya dafa ƙofa ya tsaya kaman minti biyu kafin ƙafa ta yarda ta taka. Ran nan ya kira ni bayan la'asar yace "ɗana, ni ba jif nake so ba, hawa jif ɗin ma aiki ne a gurina, nemo min mota salun babba wadda zan zauna a baya in miƙe ƙafa in yi barci har Ejisu." Toh daga nan aikin ya faro, kuma tunda na sha yawon nace bari in rubuta abun da na gani ko wani zai amfana.

Abu na farko da ya kamata mutum ya sani, irin waɗannan motocin kusan duk an daina ƙera su a Amurka inda yawancin namu suke fitowa. Ford ta rufe Taurus a 2019, Chevrolet Impala ta tsaya a 2020, Toyota ta daina kai Avalon kasuwar Amurka bayan ta 2022 ta sa Crown a madadinta, Chrysler 300 da tsohuwar Dodge Charger an yi na ƙarshe a 2023, Nissan Maxima ma 2023. Mutanen can duk sun koma jif. Ma'ana kusan duk wadda za ka saya hom-yus ce, wato wadda aka hau a waje aka kawo, ko wadda wani ya hau a nan ya gaji, dan haka tambayar ba wai wacce ce ta fi kyau ranar da ta fito daga kamfani ba, tambayar ita ce wacce za ta ci gaba da laushi bayan ta ci ramukan hanyar Ofankor zuwa Nsawam shekara biyu, kuma in abu ya lalace za ka shiga kasuwar kayan mota ta Abossey Okai a Accra ko Suame Magazine a Kumasi ka fito da shi a leda ranar, ko kuwa sai an yi maka oda ka zauna jiran jirgi.

Na fara da Avalon dan ita ce kowa yake faɗa a bes. Daga 1994 zuwa 2022 aka yi ta a Georgetown ta jihar Kentucky, asalinta Camry ce aka ja ta aka ƙara mata tsawo da faɗi dan dattawan Amurka, kuma wannan dangantakar da Camry ita ce babban sirrinta a nan gurinmu, injin V6 ɗin 3.5 da ke cikinta shi ne a Camry V6 da Highlander da Sienna da Venza da Lexus ES 350 da RX 350, kaga kuwa babu makanike a Accra da zai buɗe bonet ya tsaya yana sosa ƙeya. Sarƙa ce take juya tamin ɗinsa ba bel ba, in kana canza baƙin mai a kan lokaci za ka manta da ita. Abun da aka san shi da shi shi ne famfon ruwa yana fara tsiyaya in ya tsufa, ka duba gefen injin ko akwai busasshen ruwa mai ruwan hoda-hoda.

Amma Avalon ba ɗaya ba ce, kuma nan ne mutane suke ruɗewa. Ta 2005 zuwa 2012 ita ce gado da katifa, wallahi in ka zauna a bayanta kaman falo, ƙasan baya a shimfiɗe yake babu wannan tudun na tsakiya, mutum uku manya za su zauna ba wanda zai ɗora gwiwa a kan wani, kuma kujerar bayan ana kwantar da ita kaɗan, abun da ba ka cika samu ba ko a motocin da suka ninka ta kuɗi. Kawu da ya shiga wata ta 2011 a wani garaj wajen Achimota ya ja kujerar baya ya cire hula ya ɗora a gwiwa, sai da na taɓa shi nace Kawu mu tafi mai garaj yana kallonmu. Matsalarta tsufa. Duk sun haura shekara 10 da nisa, in za ka shigo da ita ta Tema akwai tarar tsufa a kan diyuti, dan haka gara ka nemi wadda take ƙasar tuntuni. Sannan na farko-farkonsu akwai wani bututun baƙin mai da yake da roba a jikinsa wanda yake fashewa mai ya zube gaba ɗaya, Toyota da kanta ta kira motocin ta canza shi, ka sa makanike ya leƙa ya ga na ƙarfe ne a ciki ko har yanzun mai robar ne. Dashbod ɗinsu kuma yana tsagewa yana danƙo in ya sha rana, ranar Accra kuwa ba ta da tausayi. But ɗinta ma bai kai girman da jikinta yake nunawa ba.

Ta 2013 zuwa 2018 ita ce aka fi gani yanzun. Ta fi kyau a ido, ƙarfin doki 268, giya 6 irin ta gargajiya wadda ba ta da rigima, but lita 453. Sai dai abun da dillalai ba za su gaya maka ba, a 2013 Toyota ta so ta jawo matasa sai ta taurara ƙafar motar, tsofaffin masu Avalon suka yi ta ƙorafi, shi ya sa a 2016 aka sake tausasa ta aka bar taurin a kan samfurin Touring kawai. Kenan in daɗin zama kake nema, ta 2016 zuwa 2018 XLE ko Limited ta fi ta 2013 zuwa 2015, kuma ka guji Touring duk da ita ce mai kyan rim. Rufinta na baya ya ɗan zubo ƙasa, dogon mutum mai zanna bukar ko rawani zai ɗan sunkuya wajen shiga, Hajiya kuma in ta kafa ɗaurin awure sai ta karkata kai. Kujerar bayanta ba ta naɗewa, ɗan rami ne kawai a tsakiya.

Ta 2019 zuwa 2022 kuwa ta ɗan fi ta 2013 zuwa 2018 tsawo da fili, ƙarfin doki 301, giya 8, kujerar baya tana naɗewa, amma kuɗinta ya shiga wani layi daban kuma gabanta ya yi ƙasa sosai da wannan ƙaton bakin nata, fitila ɗaya in ta fashe za ka ji a jikinka.

Yanzun maganar da ta fi kowacce cin kuɗi, diyuti. Kwastan na Ghana suna duba girman injin, motar fetur mai injin 2.4 ko 2.5 tana layin kashi 10, wadda ta haura cc 3000 tana layin kashi 20, kuma VAT da sauran lebi-lebin duk a kan wannan ake ɗora su, kaga bambancin ba ƙarami ba ne. Avalon V6 cc 3456 ce, Impala V6 3564, Chrysler 3604, Azera ta Amurka 3342, duk sun faɗa babban layi. Masu tunawa za su tuna 2018 da gwamnati ta kawo harajin motocin alfarma, injin da ya kai cc 2950 sidi 1000 duk shekara in ka je sabunta rodwodi, takardar lafiyar mota, mutane suka yi ca, a 2019 aka janye shi. An janye ɗin, amma ya nuna maka cewa duk sanda aka tashi neman kuɗi babban injin ake fara kallo. Kafin ka tura ko dala ɗaya waje ka ba ejen ɗinka lambar VIN, wato lambar shasi ta motar, ya buga maka a ICUMS, tsarin kwastan na intanet, ka ga abun da zai fito, kar motar ta iso Tema ka fara kiran 'yan uwa a Jamus.

Wannan ne ya sa na tsaya na duba Avalon haibrid, mai injin 2.5 da batir. A lissafin Amurka V6 ɗin tana shan kusan lita 10 a kilomita 100, haibrid kusan lita 6, kuma a cunkoson Circle ko Lapaz da za ka yi awa kana taka birki nan ne haibrid take cin riba dan injin yana mutuwa ya bar batir yana ja, esi kuma yana aiki. Shirunta a trafik har tsoro yake ba mutum. Illarta, a ta 2013 zuwa 2018 batir ɗin a bayan kujera yake ya cinye but ya koma kusan lita 400, sai daga 2019 aka mai da shi ƙarƙashin kujerar baya. Kuma batir ɗin yana da fanka da take shaƙar iska daga cikin mota tana sanyaya shi, ƙurar hunturu in ta toshe ta batir zai yi zafi ya mutu da wuri, dan haka dole a riƙa buɗewa ana sharewa. Masu gyaran haibrid sun yawaita a Accra da Kumasi yanzun, amma in tafiyarka tana kaiwa Bawku ko Yendi ni dai zan fi natsuwa da V6 wadda ko yaron masta zai iya taɓawa.

Lexus ES 350. Daga 2013 aka ɗora ta a kan ƙashin Avalon, tsakanin tayar gaba da ta baya tsawo ɗaya ne, injin ɗaya, giya ɗaya. Kafin 2013 kuwa girman Camry ne da ita, kar wani ya sayar maka da ta 2010 yace ai duk ɗaya ne, filin bayanta bai kai ba. Toh in duk ɗaya ne me za ka biya ƙarin kuɗi a kai? Shiru. Mun gwada su a rana ɗaya a kan motowe ta Tema, kun san simintin nan mai gaɓa-gaɓa da yake sa taya tana tak-tak-tak, a Avalon kana jin sa a ƙasan kujera, a ES sai ka kasa kunne. Fatar kujera ta fi laushi, ƙofa in ka rufe ƙarar ma daban ce. Kayan injin da na ƙafa yawanci kuɗin Toyota ne, amma kayan jiki, madubin gefe, fitila, bamba, nan ne sunan Lexus yake cizo, kuma okada ko trotro ba ruwansu da sunan motarka in za su goge ka a Kaneshie. Wani abun kuma wanda Kawu da kansa ya faɗa muna dawowa, yace "ɗana, in na shiga Aboabo da wannan alamar a gaba, duk wanda ya zo gaisuwa da buƙatarsa zai zo." Dariya na yi amma gaskiya ya faɗa, Avalon mutane Camry suke ɗauka, ba ta jawo ido.

Sai na Koriya, Hyundai Azera da 'yar uwarta Kia Cadenza, waɗanda in daga Koriya aka kawo su za ka ga an rubuta Grandeur da K7. Koriya sitiyarinsu a hagu yake kaman namu, mu ma tun 1974 muka koma tuƙi a dama, dan haka ba maganar juya sitiyari irin na motocin Japan, wanda ni ko kyauta aka ba ni babbar mota da aka juya wa sitiyari ba zan ɗora Kawu a kai ba. Gaskiya motocin nan sun ba ni mamaki. Da kuɗin da za ka sayi Avalon tsirara za ka samu Azera ko Cadenza cike da kaya, kujera mai sanyaya baya, labulen gilashin baya, rufin gilashi har baya, kuma filin ƙafa ba laifi ko kaɗan. Ta Amurka injin 3.3 ne ƙarfin doki 293, kuma V6 ɗin nan sunansa mai kyau ne. Wanda za ka yi hattara da shi shi ne 2.4 mai silinda huɗu da yake zuwa a wasu Grandeur da K7, dangin injin nan ne da aka yi ta kiran Sonata a kansa a Amurka saboda yana ƙwanƙwasawa ya kama. Akwai kuma dabara ɗaya, Grandeur ta Koriya mai injin 3.0 cc 2999 ce cif, ta tsallake babban layin diyuti da cc ɗaya, kuma da yawansu gas suke sha tun daga kamfani ba haɗin bakin titi ba. Amma tankin gas ɗin a tsofaffin yana cikin but ya cinye wuri, wasunsu kuma tasi aka yi da su a can sun ci kilomita kaman me, kuma in gas ya yi wuya a gari kai da masu dafa abinci za ku bi layi ɗaya. Inda suke faɗuwa shi ne ranar sayarwa. Elantra da Sonata suna tafiya a kasuwarmu, amma Azera sai ka yi wata uku da takarda a gilashi. Kayan injin ana samu, kayan jiki kuwa sai ka zaga Abossey Okai layi-layi. Rufin gilashin nan ma da yake burge mutane yana rage tsawon sama, kuma in robarsa ta tsufa damina za ta gaya maka.

Impala ta 2014 zuwa 2020, wallahi in zaman kawai ake magana tana gaba-gaba. Tsawonta ya haura mita 5, but lita 532, zai ɗauki buhun shinkafa da akwatunan Hajiya da kulolin waakye a bar wuri. Tana tafiya a hanya shiru kuma a nitse, kujerun gaba faffaɗa, V6 ɗin 3.6 ƙarfin doki 305. Akwai mai 2.5 silinda huɗu wadda diyutinta ya fi sauƙi amma jikin ya yi mata nauyi, in kun cika mota kuna hawan tudu bayan Nkawkaw kana son wuce tirela za ka ji tana nishi. Gilashin bayanta ƙarami ne, ribas ba kyamara a lungun Maamobi sai da ɗan jagora. Farashinta a gwanjon Amurka yana da sauƙi dan kamfanonin haya sun saye su da yawa sun zubar. Matsalar ita ce a nan ba ta da dangi. Na tambayi masta na da yake gyara min mota tun ina koyon tuƙi, ya goge hannu da tsumma yace "motar lafiyarta ƙalau, amma in sensa ɗaya ta mutu kai da WhatsApp ne, kana tura hoto Amurka." Wanda yake da ɗan uwa a Bronx ko Columbus da zai riƙa sako masa kaya a kwantena, Impala ciniki ce mai kyau. Wanda ba shi da kowa, araha ba ta ado.

Taurus ba zan daɗe a kanta ba. A waje ita ce mafi girma, but lita 569 babu mai kama ta, amma ka shiga ciki ka rasa inda girman ya tafi, tsakiyar gaba ya cinye wuri, gilasai ƙanana, bayan bai kai na Avalon sakewa ba. Kuma V6 ɗin 3.5 nata famfon ruwan a cikin injin yake sarƙar tamin ce take juya shi, canza shi babban aiki ne, in kuma ya fashe ta ciki ruwa ya haɗu da baƙin mai injin ya tafi. Maxima ma na cire ta da wuri, motar saurayi ce, bayan a matse yake ga giyar otomatik irin ta CVT wadda ba ta son zafi da cunkoso.

Chrysler 300 kuwa, hmm. Ita ce in ka faka a ƙofar masallacin ƙasa na Kanda ranar Juma'a sai an juyo. Tayar baya ce take ja, kaman Benz, tana da nauyi a hanya irin wanda yake sa ka ji kana cikin mota, V6 ɗin 3.6 ƙarfin doki 292 kuma daga 2012 akwai giya 8 ta kamfanin ZF mai santsi. Ƙanena da ya raka mu ya kusa kuka a kanta. Amma saboda tayar baya ce take ja akwai ƙaton tudu a tsakiyar ƙasan baya, mutum biyu sarakuna ne, na ukun kuwa sai ya raba ƙafa kaman yana kan jaki, mu kuwa yaushe muka taɓa tafiya Kumasi mutum biyu a baya? Gilasanta ƙanana ne, wanda mota take juya wa ciki ba zai ji daɗi ba. Kayan ƙafar gaba suna da hannuwa da bushi da yawa kuma ramuka suna cin su, gidan filtar mai na roba ne yana tsiyaya in ya tsufa. Mai ƙaton injin Hemi 5.7 kuwa sai dai in kana da gidan mai. Charger duk abu ɗaya ne sai dai rufin baya ya fi zubowa.

Wani zai ce ina Benz? E-Class daɗi ne da ita amma bayanta bai kai na Avalon fili ba, S-Class kuwa babu abun da ya kama ƙafarta a wannan jerin, sai dai tana tafiya ne a kan balan-balan na iska, ranar da ɗaya ya sace za ka fito da safe ka tarar ta durƙusa kaman raƙumi. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Akwai abubuwan da suka shafe su duka, waɗanda na ga sun fi sunan motar tasiri a kan daɗin zama. Rim shi ne na ɗaya. Mota ɗaya, shekara ɗaya, mai rim inci 17 da mai inci 19 kaman motoci biyu ne daban, dan ƙaramin rim tayarsa tana da nama, ita take shanye rami kafin ya iso bayanka, babban rim kuwa taya siririya ce, rami ɗaya a Pokuase ta kumbura ko rim ya lanƙwashe. In kana saya wa dattijo ka nemi 17, in ta zo da manya ka yi musanya a Abossey Okai har ciko za a ba ka. Na biyu shokoba, mota mai shekara takwas ko goma da nata na asali ta riga ta gaji ko da ba ta tsiyaya, ka sa kuɗin sababbi huɗu a lissafinka tun farko. Na uku esi na baya, ka zauna a baya da azahar ka sa a kunna ka ji ko iska tana isowa, kar ka tsaya a gaba kana sa hannu a dashbod. Na huɗu tsayi daga ƙasa, dukkansu gajeru ne, Avalon kusan santimita 14, in an cika ta da mutum biyar da kaya tudun rage gudu na garuruwan hanyar Kumasi sai an hau shi a karkace, kuma in ruwa ya taru a Alajo ko Kaneshie ka juya kawai, ba motar shiga ruwa ba ce. Sai kuma wurin ajiyewa, mota mai mita 5 a lungunan Nima ba wasa ba ne, Kawu sai da muka je da igiya muka auna ƙofar gidan da yake ajiye mota.

Kuma dan Allah a duba VIN. Wani abokina ya sayi irin wannan babbar motar a wani garaj, fenti yana ƙyalli ciki yana ƙamshi, bayan sati uku gilashi ya fara sauka da kansa, fitilun dashbod suna wasa kaman na awure, da aka ɗaga kafet sai ga busasshen laka da tsatsa a ƙarƙashin kujera, ashe motar ambaliya ce. Yawancin abun da ake kawo mana daga gwanjon Copart da IAA ne, masu hatsari, ba laifi ba ne in bugun bamba ne ko ƙofa, amma ka buga lambar nan mai harafi 17 a intanet ka ga hotonta kafin a gyara, ka ga ko eyabag ya fashe, ka ja bel ɗin kujera har ƙarshe ka duba ko akwai alamar ruwa, ka sa hanci a but wajen safaya taya. Babbar mota wayoyinta sun fi na ƙarama yawa, in ruwa ya shige ta ba ta warkewa.

Ni dai ga yadda na jera wa Kawu. In kuɗi ya kai kuma bai damu da idon mutane ba, ES 350 daga 2013 zuwa sama. In yana son kusan wannan daɗin da sauƙin kayan jiki da saurin sayarwa, Avalon 2016 zuwa 2018 XLE mai rim 17. In kuɗin bai kai nan ba, tsohuwar Avalon ta 2011 ko 2012 mai tsabta wadda take ƙasar, ko Azera V6 in ya yarda zai riƙe ta har ta tsufa a hannunsa. Impala sai in ɗansa na Amurka ya yi alkawarin kaya. Chrysler na bar wa ƙanena ya yi ta mafarki.

Ya saurare ni har na gama, yana juya kofin ataya, sai yace shi fa har yanzun zuciyarsa tana kan waccan ta Achimota mai kujerar da take kwanciya. Nace Kawu ta tsufa, yace "ni ma ai na tsufa." Mun dai tsaya a kan ranar Asabar za mu koma da masta ya ɗaga ta a duba ƙasa da bututun man nan, sannan mu wuce Spintex a gwada wata ta 2017 da aka ce ta iso, kuma wannan karon Hajiya za ta biyo mu da ɗaurinta dan a auna rufin.